Farar Takarda a Farfajiyar Harami

Kwana uku na yi a tashar Kudai ta Makka ina jiran mutumin da ejan ya ce zai zo ya ɗauke ni. An ce mini sunansa Abu Salim, yana da shagon ɗinki, keken da zan hau ma an riga an goge shi an zuba masa mai. Na zauna kan jakata ina leƙa fuskar duk wanda ya sauko daga mota, sai ka ce na san kamanninsa. Lambar da aka ba ni kuwa, duk sanda na kira a kashe take. A rana ta uku na yarda cewa babu Abu Salim, babu shago, babu keke, bizar da ke cikin fasfona kuma ta Umara ce, kwanakinta a ƙidaye suke. Ni Hamisu tela, wanda ake cika ƙofar shagonsa duk jajiberin salla a garinmu can gefen Ƙaraye, an yi mini sakiyar da ba ruwa.

Wata dattijuwa 'yar Maraɗi da ke sayar da abinci a bayan tashar ita ta lura da ni. Ta zubo mini shinkafa da wake ba tare da na tambaya ba, ta tsaya a kaina har na cinye.

"Kai ma sun yi maka, ko?" in ji ta. "To, share ido. Gida za ka koma ko zaman takari za ka yi?"

Na ce ban zo Makka don in koma da jaka kaɗai ba. Ta kwatanta mini wani ɗaki a Ka'akiyya inda 'yan ƙasarmu ke kwana, ta kuma ba ni sunan wani mai shago a Jarwal. Ban sake ganinta ba, har yau kuma ina saka ta a addu'a.

Ɗakin Ka'akiyya mu shida ne a ciki, katifa na gogar katifa, da na'urar sanyi mai ƙara kamar injin markaɗe. Ba wanda ke da igama a cikinmu, wato takardar izinin zama, don haka kowa ya iya tafiya kai a ƙasa, ya iya sauya hanya in ya hango askar, 'yan sandan ƙasar. Abin da ya fi ci mini rai a watannin farko ba zafin garin ba ne, ƙamshin ƙasa ne in an yi ruwan fari a gida. Sai in tuna shi ina tsaka da cin abinci, in ajiye lomar.

Mai shagon Jarwal sunansa Ammu Bakur. A nan aka haife shi, kakansa ne ya taka daga Kano da ƙafa, shi kuwa bai taɓa ganin Kanon ba ko a mafarki. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, ya yi rabin zance da ita ya ƙarasa da Larabci. Jallabiya da darduma yake sayar wa alhazai, a bayan labule kuma akwai wani tsohon keke da ya yi tsatsa. Ya miƙo mini jallabiya ya ce in rage mata tsawo ya gani. Na yi awo da ido, na yanke, na kalmashe, na miƙa masa. Ya juya bakin ya duba ɗinkin ta ciki.

"Ɗayyib, ya waladi," ya ce. "Bukra, gobe ke nan, ka zo da wuri. Wanda ya tambaye ka, ka ce kai ɗan 'yar'uwata ne."

Shekara biyar na yi a bayan labulen nan. Mutanenmu gajeru ne a kan jallabiyar Larabawa, don haka aiki bai taɓa yanke mini ba.

Akwai kuma wani aikin da ba na ɗinki ba, wanda shi ya sa sunana ya fi ƙarfina a gida. Kowane ɗan takari ya san shi. Mutum zai aiko maka da sunansa ko na mara lafiyarsa, ka rubuta a takarda da addu'a a ƙasa, ka je farfajiyar Harami ka ɗaga ta yadda hasumiyoyi za su fito a bayanka, a ɗauki hoto ka tura masa. Askar ba sa son a yi, amma abin ƙiftawar ido ne, kafin su waiwayo ka ninke ka sa a aljihu. Na yi wa mai naƙuda, na yi wa mai jarrabawa, na yi wa wanda 'yan bindiga suka ɗauke wa ɗa. A hankali sai ya zama duk abin da ya fito daga hannuna, garinmu na karɓarsa da hannu biyu. In na ce an yi ruwa a Makka, to an yi. Ni kuma, in faɗi gaskiya, abin yana fasa mini kai.

Sai zaɓen shugaban ƙasa ya matso. Muna da zauren garinmu a waya, kowa na ciki, daga mai unguwa har masu faci. Da farko zancen taki ake yi, da tsadar masara, da hanyar da ba ta biyuwa bayan la'asar. Wata safiya muka wayi gari duk an watsar da wannan, an koma kan auren jinsi. Wai ɗaya daga cikin 'yan takarar ya yi wa Turawa alkawari a ɓoye, in ya hau zai halatta namiji ya auri namiji. Ba wanda ya ga takardar, ba wanda ya ji daga bakinsa, amma kowa ya san wani da ya san wani da ya gani. Ni na san abin da addinina ya ce a kan wannan, na kuma san dokar ƙasarmu ta riga ta hana shi. Abin da ban gane ba shi ne yadda maganar ke barci shekara huɗu ba mai tunawa da ita, sai an buga gangar zaɓe a tashe ta a wanke mata fuska.

Har ɗakinmu na Ka'akiyya ta shigo. Mutum biyu da suka shekara uku suna ci a tire ɗaya suka raba kwano a kanta. Dukkanmu kuwa ba mai katin zaɓe, ko da akwai, akwatin yana hayin teku.

Wanda abin ya fi shafa shi ne yayana, Yaya Lawal. Malamin firamare ne, shi ne kuma na'ibin limamin masallacin unguwarmu, shekara goma sha yana jan salla duk ranar da Liman bai fito ba. Bai iya ɓoye ra'ayi ba. Ya fito fili ya ce shi wancan ɗan takarar zai zaɓa, saboda maganar tsaro, kuma duk mai cewa an yi alkawarin auren jinsi ya kawo shaida. Aka fara yi masa gunaguni, amma ba wanda ya iya tunkararsa, don an san shi an san gidanmu.

Ana cikin haka Alhaji Tanimu ya zo Umara. Ɗan siyasar yankinmu ne, na sha ɗinka masa babbar riga a gida. Ya neme ni har Jarwal da ƙullin kilishi da ƙuli-ƙuli, ya rungume ni yana cewa na yi fari na yi kumatu. Ya ce ya ji har yanzu ba ni da igama, abin kunya ne a ce ɗan garinsu na ɓuya, ya san wani Balarabe da zai tsaya mini kafili, uban gidan da ake yi wa mutum igama da sunansa. Shekara biyar ina jiran wanda zai faɗa mini wannan kalmar. Sannan ya kawo tasa buƙatar.

"Mutanena da yawa suna son hoton addu'ar nan taka, Hamisu. In ka ce za ka rubuta ɗaya bayan ɗaya, sai mu kwana a nan. Ka riƙe fara kawai, ba rubutu. In na koma masauki sai a sa wa kowa sunansa da waya."

Wallahi har yaba masa na yi. Na ce ashe boko ya kawo sauƙi, ni ina ta ɓata biro. Muka je farfajiya bayan azahar, na ɗaga farar takarda daidai ƙirjina, na yi murmushin da na saba, ya ɗauka. Na ninke ta na sa a aljihu, da na koma shago na jefa ta cikin akwatin keke, don ina yanka samfurin wuyan riga da irinta.

Kwana huɗu bayan nan, ina tsaka da kalmasa, wayata ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa. Na buɗe zauren garinmu, sai ga ni. Fuskata, murmushina, hasumiyoyi a bayana. A kan takardar an rubuta da manyan baƙaƙe: "Saƙo daga ƙasa mai tsarki. Duk wanda ya zaɓi ɗan takarar auren jinsi ba ya tare da mu, ko da uwa ɗaya ta haife mu." Na karanta sau uku. Ƙafata ta sauka daga kan keken da kanta.

Ba wanda ya buƙaci a fassara masa ƙarshen zancen. 'Ya'yan Inna maza mu biyu ne. Kafin magariba an tura hoton ko'ina, ana cewa ƙaninsa ma da ke Makka ya barranta da shi. Washegari Liman bai fito azahar ba, Yaya Lawal ya matsa gaba kamar kullum, sai sahu ya watse a bayansa. Wani ya ja masa riga ya ce su ba sa bin mai goyon auren jinsi. Aka laƙaba masa sunan da ba zan maimaita ba, aka rubuta shi da gawayi a bangon gidanmu. Daga ranar ya koma sahun ƙarshe, kusa da takalma.

Na kira shi ya fi sau goma, bai ɗauka ba. Na rubuta a zaure cewa ƙarya ce, ban rubuta wannan ba. Aka ce wayata aka sace, wasu suka ce yayana ne ya matsa mini in janye. Rubutu a waya ba ya ture hoton da aka ɗauka a gaban Harami, ni na koya musu haka da hannuna. Sai ga saƙon murya daga Inna, gajere.

"Hamisu, ni ban iya karatu ba, an dai karanta mini. Ina tambayarka, kai ka rubuta? In kai ne, ka faɗa mini in sani. Yayanka ba ya cin abinci."

Na saurare shi a bayan labule, na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a tashar Kudai. Kunya ce ta fi yawa a ciki, don na san ba sharrin Alhaji Tanimu kaɗai ba ne. Kwaɗayin igama ne ya rufe mini ido, da kuma daɗin a ce da ni mutumin Makka.

Na sami Alhaji Tanimu a masaukinsa yana haɗa tsaraba, zai tashi washegari. Bai ko musa ba.

"Siyasa ce, Hamisu, ba gaba ba. Mu ma an yi mana irinta a wancan karon, da wata maganar. Mutane ba sa fitowa layi saboda taki, amma ka ce musu auren jinsi, har gurgu sai ya rarrafo. Bayan zaɓe kowa zai manta."

"Yayana fa, Alhaji?"

"Malam Lawal ya yi haƙuri na wata biyu. Kai kuma ga kafili na nan, na bar masa lambarka." Ya zuge jakar, ya dube ni. "Ka yi shiru ka samu takarda. In kuma ka ce surutu za ka yi, ka tuna a wace ƙasa kake, da me kake zaune a cikinta."

Na fito ban yi masa sallama ba. A hanya na gama yanke abin da zan yi. Inda aka yi ƙaryar, nan za a warware ta, da fuskar da aka yi ta da ita. Na buɗe akwatin keke, takardar na nan da ninkinta, ban kai ga yanka ta ba.

Da na gaya wa Ammu Bakur, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Inta majnun? Hoto daƙiƙa ɗaya ne, ya waladi. Magana kuwa sai ka tsaya. Ka tsaya da waraga a hannu kana jawabi, askar zai zo, zai ce fen igama, ina takardarka. Halas, sai tarhil. Ka yi a nan cikin shago."

"In na yi a shago, Ammu, za su ce a Kano aka ɗauka. Sai sun ga hasumiyar nan a bayana."

"Shekara biyar za ka zubar."

"Yayana shekara goma sha ya zubar, kuma ba shi ya riƙe takardar ba."

Ammu Bakur ya tashi ya ɗauki makullin shago, ya ce shi zai riƙe wayar, don shi ɗan ƙasa ne, iyakarta a yi masa faɗa. Na nuna masa inda zai danna ya tura zauren garinmu, na sa ya gwada sau biyu.

Bayan la'asar muka je, na tsaya daidai inda na tsaya wancan karon. Na ɗaga takardar, na juya gabanta da bayanta. Na faɗi sunana da na mahaifina. Na ce wannan ita ce takardar da na riƙe, fara ce, wanda ya ɗauki hoton shi ya sa mata rubutu. Na ce ban ji wani malami a Makka ya ambaci zaɓen ƙasarmu ba, ban ga wata yarjejeniya ba, ban kuma san wanda ya gani ba. Na ce kowa ya zaɓi wanda ya ga dama, ni ba ni da ƙuri'a. Ta gefen ido na hango askar biyu sun nufo mu, amma akwai sauran abu ɗaya. Na ce Malam Lawal yayana ne, a bayansa na koyi salla, kuma in Allah ya mai da ni gida, a bayansa zan yi ta.

Hannu ya sauka a kafaɗata. Na ga Ammu Bakur ya juya baya yana danna waya da babban yatsa, a hankali, yadda na koya masa.

Ba wanda ya zage ni ko ya taɓa lafiyata. An tambaye ni igama, na ce babu, shi ke nan, aka kai ni tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Zaman tarhil zaman jira ne, ka ci, ka yi salla, ka saurari sunanka. Ina ciki aka yi zaɓen aka gama. Da aka ɗauki hoton yatsuna aka ce ba ni ba dawowa sai bayan shekaru, na ji abin har cikin ƙashina, don ko ɗawafin bankwana ban samu yi ba. Ammu Bakur ya aiko mini da jakata. Da na buɗe, na tarar ya sa mini almakashin shagon a naɗe cikin sabuwar jallabiya, wadda ba a rage wa tsawo ba.

Na iso garinmu ana kiran la'asar. Ban shiga gida ba, na ajiye jaka wurin mai shayin bakin masallaci, na yi alwala. Shi ya ba ni labari a tsaitsaye. Bidiyon ya iso, wasu sun yarda, wasu sun ce saye na aka yi. Wanda ya ci zaɓe ya ci, maganar auren jinsi kuwa tun daren ƙidaya ba wanda ya sake ɗaga ta, an koma kan taki. Alhaji Tanimu na Abuja. Amma Yaya Lawal har yau yana sahun takalma. Ba wanda ya ce ya dawo gaba, don duk wanda ya fara faɗa ya amsa cewa shi ma ya yi kuskure.

Na shiga. Liman bai fito ba, ƙafa na damunsa, mutane na ta kallon juna ana neman wanda zai ja. Aka gan ni, masallaci ya ɗauki ƙus-ƙus, wani dattijo har ya ce ga mutumin Makka, shi ya shige gaba. Na wuce su zuwa sahun ƙarshe. Yaya Lawal ya rame, gemunsa ya yi furfurar da ban bar shi da ita ba.

"Yaya, tashi ka ja mu."

"Hamisu, bar shi," ya ce, bai ɗago ba. "Ka sha hanya."

"Na sha. Saboda wannan na sha ta."

Na kama hannunsa, ya yi nauyi, sannan ya biyo ni. Na kai shi har kan dardumar liman, na dawo na tsaya daidai bayansa, ni kaɗai, na tayar da salla da muryar da kowa zai ji. Na ji takun wasu suna fita, ban waiwaya ba. Yaya Lawal ya ɗaga hannu, ya yi kabbara. Muna cikin raka'ar farko na ji kafaɗa ta taɓa tawa ta dama, can kuma wata ta hagu, wani ya sa ƙafarsa jikin tawa ya gyara sahu.

Da ya sallame, ya juyo ya fuskanci jama'a yadda liman ke yi. Ni ban juya na ƙirga ba. Fuskarsa na kalla, na ga idonsa ya wuce kaina, ya wuce sahu na biyu, ya ci gaba da tafiya. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Da aka shafa addu'a ya matso kusa da ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ka samu ka yi ɗawafin bankwana?"

"Ban samu ba, Yaya."

Ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya daɗe bai saki ba.

"Tashi mu je," ya ce. "Inna ba ta san ka iso ba."